Kanal da Burtali: Yadda Wani Zango a Fadamar Logon Ya Ceto Tafkinsa

Wurin, kafin 1979

Zangon da zan kawo labarinsa yana bakin kogin Logomatiya, a lardin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru. Kogin Logon na gabas da shi, gandun dajin Waza na yamma. Ba zan kama sunan zangon ba, balle na mutanensa, domin yawancinsu suna raye, kuma kasuwa ɗaya suke ci har gobe. A can aka binne cibiyata, kuma littafin da ake rubuta abin da masunta da makiyaya suka yanke a hannuna yake. Abin da ya faru kafin in yi wayo, daga bakin mahaifina da sa'o'insa na ɗauko shi.

Ƙasar nan Fulani na ce mata yayre. Fadama ce shimfiɗe kamar faifai, ta baƙar laka mai tsagewa da rani har ƙafar yaro ta shige. Ruwan sama kan fara sauka a watan Yuni ya liƙe tsagar. Zuwa Satumba sai Logon, wanda ke ɗauko ruwansa tun daga tuddan Adamawa da ƙasar Afirka ta Tsakiya, ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malale fadamar, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji. Kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa, ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi ƙiba. Daga ƙarshen Oktoba ruwa ya soma janyewa, kifi ya nemi hanyar kogi, wanda bai samu fita ba ya taru a tafkuna. Sai ƙasa ta fara ɗaukar kofato sannan shanun Fulani da na Larabawan Shuwa su shigo, su ci burgu da shinkafar daji, su zauna har faɗuwar wata damina.

Fataucin banda ne ya kawo kakanninmu. Sun roƙi wurin zama a hannun Kotoko, waɗanda su ne masu ruwa a nan tun kaka da kakanni, suka yi maƙwabtaka da 'yan ƙabilar Musgum. Bayan zangon akwai wani tafki da zagaye shi da ƙafa kan ci kusan sa'a guda. A wancan zamani yakan riƙe ruwa har watan Afrilu. Magudanai huɗu kacal suka haɗa shi da kogi, gajeru ne, marasa zurfi. Wani dattijon Kotoko da ake kira mai ruwa shi ke faɗin ranar buɗe su, da ranar toshe su, da ranar kamun kifi na gayya da bazara. Tsohon burtali ya bi ta arewacin tafkin ya gangara mashaya. Ba a taɓa rubuta cewa masunta su gama kafin makiyaya su iso ba. Ruwan da kansa ne ke tsare kowa a lokacinsa.

1979 zuwa 1993: shekarun da ruwa ya ƙi zuwa

A 1979 aka kammala madatsar Maga, ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 27, domin kamfanin SEMRY ya samu ruwan noman shinkafa. Madatsar ta tare ruwan kogunan Mayo Tsanaga da Mayo Bula, aka kuma ja wata ganuwar a gefen Logon don kada ya mamaye gonakin. Gidaje da yawa sun ci abinci daga wannan shinkafa, har da 'yan uwanmu da suka koma can. Amma ganuwar ta toshe bakin ƙoramun da ke shigo mana da ruwa, sannan fari mai tsanani na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Wasu shekarun ambaliya ba ta ko iso tafkinmu ba, sai ɗan ruwan sama da ya kwanta a ciki ya ƙafe kafin sanyi ya wuce. Burgu da jema da shinkafar daji, waɗanda saiwarsu ke rayuwa shekara da shekaru kuma su yi toho bayan an sa wuta, suka mutu. Wata ciyawa mai kama da dawa ta maye gurbinsu, ita kuwa da ta bushe shi ke nan sai baɗi. A Waza ma mariya da dari suka ragu ƙwarai. Zangon da ke da gidaje sama da 40 ya koma 12. Wasu suka tafi tafkin Maga, wasu Kusseri, wasu suka nausa Tafkin Cadi wajen Bulanguwa da Darak.

Abu biyu suka salwanta a waɗannan shekaru ba tare da kowa ya lura ba. Mai ruwa ya rasu, ba a naɗa wani ba, tunda babu ruwan da zai yi wa hukunci. Makiyaya kuma suka daina zama, sai dai su ratsa su wuce, har burtalin ya shafe. Yaran da aka haifa a lokacin sun girma ba su san inda ya bi ba.

1994: an buɗe ganuwa

A 1994 shirin Waza-Logon, wanda ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta gudanar tare da gwamnatin Kamaru da tallafin ƙasar Holand, ya buɗe bakin ƙoramar Petit Goroma kusa da Tekele, ruwan Logon ya sake shiga Logomatiya. Fili kusan murabba'in kilomita 200 ya koma samun ambaliya, a 1997 kuma aka buɗe wata ƙoramar ta biyu. Burgu da shinkafar daji suka dawo a hankali, jema ce dai ta yi nawa. Kifi ya dawo, shanu suka dawo, mutanen zangon suka dawo, har da baƙin da ba su taɓa zama a nan ba.

A watan Janairun wannan shekara ta 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin raga da ƙugiya da katakon jirgi ya tashi. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba ya ga hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce magudana, wadda a nan kowa ke ce mata kanal.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda take. Da rani, tsakanin Maris da Mayu, mutum zai ɗauki samari da diga da shebur su haƙa doguwar hanya daga tafki zuwa kogi, faɗinta kamar taki biyu, zurfinta iya ƙugu. Damina ta zo ta rufe komai. Idan ruwa ya fara janyewa, ruwan tafki zai bi kanal ya gangara kogi, kifi na biye da shi. A bakin kogin an kafa turaku biyu an ɗaura doguwar raga mai siffar jaka. Da dare za ka iske mai kanal tsaye cikin ruwa, fitila a goshi, sauro na cinsa, yana jan gindin ragar yana juye tarwaɗa da karfasa da kawara cikin kwalekwale, matansa na bakin gaɓa suna fasa cikin kifin. Mako biyu zuwa uku ake yi a haka, kuma abin da aka samu shi ne cin gidan na shekara. Saboda haka kanal ta zama dukiya kamar gona: ana gadonta, ana sayar da ita, ana jinginar da ita.

Ruwa kuwa ba ya bin tsohuwar kanal don girmama mai ita, inda ya fi zurfi yake bi. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya fi shi kamu, da rani sai ya ƙara wa tasa zurfi da taƙi ɗaya, maƙwabcin ma ya ƙara. Zuwa shekarar babbar ambaliya ta 2012, kanal 23 ke tsotsar tafkin, biyar daga ciki sun yanke tsohon burtali. A nan dole in faɗi namu laifin. 'Yan kasuwar banda, har da mahaifina da wansa, su ke ba da bashin haƙa da na raga, a biya su da kifi. Duk sabuwar kanal ƙarin kwalin banda ce a gare su, ba wanda ya taɓa hana bashi don tafki.

Yadda matsalar ta fito fili

Tafkin da ke kaiwa Afrilu ya koma ƙafewa a Fabrairu, daga baya a Janairu. Manyan tarwaɗa da bargi da ke cin rani a cikinsa su hayayyafa da damina suka ƙare, domin an zuƙe su tare da ruwan. Abin da raga ke kamawa ya ƙanƙance, har ana busar da tarwaɗa mai kaurin yatsa. Kwali ɗaya ya koma cin kifi mai yawa, kuɗinsa a kasuwa kuma ya ragu.

Shanu kuma suka iso suka tarar da ramuka a hanyarsu, tafki babu ruwa. Dole su nemi kogi, hanyar kogi kuwa ta kan kanal take, mashayar ma a gefen raga. Na ga abin da idona wata asuba. Garke ya zo ƙetare kanal mai zurfin ƙirji, na gaba suka tsaya, na baya suka turo, wata farar saniya mai ciki ta rufta, ƙafarta ta gaba ta karye. Gefen kanal ya zube tsawon taki goma, laka ta toshe ruwan da ke tafiya, kamun daren ya tsaya cak. Mai saniyar, dattijo ne, ya sauka cikin ramin ya yanka ta yana hawaye. Mai kanal na tsaye a sama da sanda yana lissafin kwali nawa ya rasa. Kowannensu ya tafi yana ganin shi aka zalunta.

Daga 2014 abin ya ƙara tsananta. Rikicin Boko Haram ya koro makiyayan da ke kiwo kusa da iyakar Najeriya, suka cunkuso cikin fadama. Hanyar kai banda Maiduguri ta toshe, farashi ya faɗi, masunta suka nemi cike giɓin da yawan kamu, wato da ƙarin zurfi.

Abubuwan da aka gwada ba su yi ba

Da farko tara aka sa. Bulama ya yanke cewa duk garken da ya rushe kanal zai biya. Sai dai ɓarnar yawanci da dare ko da asuba take faruwa, garke uku ko huɗu sun bi wurin, kowa ya ce ba nasa ba ne. Inda aka kama wani, magana ta tafi gari, mai kanal da mai shanu su yi ta zirga-zirga a babur, kuɗin mai da na masu shiga tsakani ya ninka abin da ake jayayya a kai. An yi shekara biyu ana haka, kanal ɗaya ba a gyara da kuɗin tara ba. Makiyaya kuma suka tambaya, su wa zai biya su saniyar da ta karye? Ba a ba su amsa ba.

Sai aka koma gadi. Masu kanal suka ɗauki samari su kwana da sanduna da fitilu. Shinge bai yiwu ba, tunda fadamar ba ta da ƙayar da za a sara. Gadi ya rage ɓarna na 'yan makonni, har daren da masu gadi suka kori garke da jifa, makiyayi ya sari wani yaro a kafaɗa, 'yan uwan yaron suka jiyya wa shanu uku. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Na uku gada ce. Wata ƙungiya daga gari ta taimaka da siminti aka gina ƙaramar gada a kan kanal mafi girma. Niyyarsu mai kyau ce, kuma mun yi murna. Amma wannan laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ambaliya biyu kawai gindin gadar ya tsage ya karkace. Tun kafin ta lalace ma shanu ba su yarda da ita ba. Faɗinta bai wuce na amalanke ba, garken shanu ɗari kuwa ba ya shiga layi. Biyu su hau, sauran su watsu hagu da dama su faɗa ramin.

Na huɗu shi ne wanda aka fi sa wa rai. An yi zama a gari, aka rubuta yarjejeniya da Faransanci, wakilai suka sa hannu: masunta su gama ranar 1 ga Disamba, shanu su shigo bayan nan. Shekarar farko ambaliya ta yi yawa, ranar ta zo ruwa bai ko fara fita sosai ba, masunta suka ce ba mai ɗaga raga. Shekara ta biyu ambaliya ta yi ƙaranci, tun tsakiyar Nuwamba an zuƙe tafkin ƙaf, shanu na tudu suna jiran ranar takarda ga yunwa. Ƙari a kan haka, waɗanda suka sa hannun masu shanu ne mazauna gari da manyan masu kanal. Yaron da ke bin garke da sanda da wanda ke kwana bakin raga ba a karanta musu ko layi ɗaya ba.

Shekarar da shanu suka ƙaurace, da zaman cikin tafki

Bayan saran yaron nan da rushewar yarjejeniya, arɗon da rugarsa ta fi daɗewa tana sauka kusa da mu ya ɗauke mutanensa ya yi arewa. Samarin zangon suka ce an huta. Mata ne suka fara gane ba hutu ba ne. A fadamar da babu itace, busasshen kashin shanu shi ne makamashin girki, da shi da ciyawa ake haɗawa a yi banda. Wannan rani sai sayen itace aka koma yi daga masu kawo shi a jirgi. Nono ya ɓace, matan ruga da ke musayarsa da kifi ba sa zuwa. Kasuwar mako ta yi sanyi. Baffana, wanda shi ne babban mai sayen banda a zangon, ya zauna ya haɗa kuɗin itace da ƙanƙancewar kifi, ya ga bashin da ya raba ba zai dawo ba in aka ci gaba a haka.

Shi ya hau babur ya bi arɗon har inda ya sauka. Ya nemo ɗan marigayi mai ruwa, wanda shi ma ya tsufa, ya gayyaci dattawan Musgum da na Larabawan Shuwa. Ya kafe a kan abu biyu: za a yi zaman a tsakiyar busasshen tafkin, kuma kowane mai kanal da kowane mai bin garke zai zo da ƙafarsa. A watan Maris aka yi, ana zaune kan tabarmi bisa tsagaggiyar laka, ƙasusuwan kifi warwatse ko'ina. An yi magana da Hausa da Fulatanci da Larabci, ana fassara wa juna.

Rabin yini ya tafi a tone-tonen wa ya fara. Abin da ya juya zaman shi ne lokacin da ɗan mai ruwa ya tashi ya taka zuwa wuri mafi zurfi, ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya ce idan ruwa ya sauko nan mahaifinsa ke sa a toshe magudanai. Daga nan ya ja mutane suka bi shi arewacin tafkin yana nuna inda burtali ya bi. Arɗo ya ce wa baffana, Alhaji, in da za a bar ruwa iya nan, shanunmu ba su da abin nema a bakin ragarku. Baffana ya ce, Arɗo, to a kafa alama kowa ya gani.

Abin da aka yanke ke nan kamar yadda na rubuta shi. An kafa gungumen giginya a tsakiyar tafkin, aka yi masa tsaga a tsayin kamu uku daga ƙasa. Ranar da tsagar ta fito daga ruwa, ko a wane wata ne, kowane mai kanal zai toshe tasa ta bakin tafki da laka da buhuna. Ba za a haƙa sabuwar kanal ba, kuma tsofaffin ba za su wuce zurfin wata sanda da aka ajiye a masallaci ba. Daga cikin biyar ɗin da suka yanke burtali, an cike biyu, masu su suka shiga rabo da maƙwabtansu. Ukun da suka rage aka yi musu mashigi: an kwantar da gefensu tsawon taki 30, ya zama gangare mai sauƙi irin na mashaya, yadda garke zai sauka ya hau a baje. Makiyaya za su ba da bijimi ɗaya duk shekara, a sayar a biya masu gyaran mashigin da rani. Arɗo zai bugo waya kwana uku kafin su taso, a ce masa an toshe ko a ce ya dakata. Kifin da ya rage a tafki ba mai taɓa shi sai ranar gayya da bazara.

Saura wa zai tilasta. Nan 'yan kasuwar banda huɗu na zangon suka yi alkawari a gaban jama'a cewa duk wanda ya ƙi toshewa ba za su sayi kifinsa ba, ba kuma za su ba shi bashin raga ba. Su ma aka ɗora musu nasu nauyin. Tunda masunta za su rasa makon ƙarshe na kamu, za a ɗage musu kashi ɗaya cikin huɗu na bashinsu zuwa bayan gayya.

Shekarar farko ba ta tafi sumul ba. Mutum biyu suka ƙi toshewa. Ɗaya ya sauko bayan kwana biyu da surukinsa ya yi masa magana. Ɗayan ya toshe da rana ya buɗe da dare, sawun ruwa a laka ya tona shi. Aka ƙi sayen kifinsa, ya loda a jirgi ya kai kasuwar Pus, kuɗin jirgi da lalacewar kifi suka cinye ribar. Da shekara ta zagayo shi ya fara kai buhunansa bakin tafki. Makiyaya ma sun ɗanɗana: wata shekara ruwa ya yi nawar sauka, suka yi kwana tara a tudu suna jira, har maruƙa biyu suka mutu. Arɗo ya bugo waya cikin fushi, amma bai taso ba.

Disamba 2021

A watan Agustan 2021 faɗa ya ɓarke tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a yankin Logon Birni, aka rasa rayuka. Ranar 5 ga Disamba ya sake tashi a ƙauyen Ulumsa, kuma tushensa irin namu ne: ramukan da masunta da manoma ke haƙa don tara ruwa, da shanun da ke faɗawa ciki. Cikin kwanaki ya kai Kusseri, aka ƙona kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe mutum 44, an jikkata 111, an ƙona ƙauyuka 112, kuma sama da mutum 85,000 sun tsallaka Cadi, yawancinsu mata da yara.

Tsoro ya shigo zangonmu kamar ko'ina. Wasu gidajen Musgum suka kwashe mata da yara suka ƙetare Logon, rugar Shuwa da ke kusa ta ja baya cikin dare. Lokacin an riga an toshe kanal, ana jiran shanu. Kwana da kwanaki wayar baffana ba ta huta ba, yana kiran arɗo, yana kiran dattijon Shuwa, yana kiran na Musgum, duk jita-jitar da ta shigo sai a tambayi wanda ake zargi kai tsaye. An yarda a jinkirta shigowar shanu mako biyu, sannan dattawa su raka garken farko da ƙafa har mashigi. Haka aka yi. Ba a ƙona gida ba, ba a taɓa saniya ba. Kasuwar mako dai ta yi wata biyu ba ta ci ba, kuma akwai gidajen da ba su dawo ba sai bayan damina.

Inda aka tsaya, da abin da nake gani

Tun daga shekara ta biyu tafkin ke kaiwa ƙarshen Maris da ruwa, shekarar da ambaliya ta yi kyau har Afrilu. A littafina, saniya ɗaya ce ta karye a kanal tun da aka yi mashigi, ita ma a wajen burtali ne. Kamun kanal bai koma yawan da yake a farkon dawowar ruwa ba, kuma masunta suna faɗin haka a kowane zama. Abin da ya canza shi ne girman kifin da ranar gayya, wadda ke faɗowa daidai lokacin da aljihu ya bushe kuma banda ke tsada. Bargi ya sake bayyana a tafkin.

A ganina, tara da gadi da gada duk sun tsaya ne a kan rushewar kanal, alhali abin da ke kora shanu kan kanal shi ne ƙishirwa. Da aka bar musu ruwa a tafki, rabin rigimar ta mutu da kanta. Takardar gari ta kusa gano bakin zaren, domin ta fahimci maganar lokaci ce, sai dai ta ɗaura lokacin a kalanda, Logon kuwa kowace shekara da yadda yake zuwa. Gungumen giginya ya mayar da hukuncin ga ruwa, kamar zamanin mai ruwa, kuma ko wanda bai yi karatu ba yana iya tsayawa bakin gaɓa ya ga tsagar. Tilastawar ta yi aiki saboda tana hannun waɗanda masunci ke buƙata kowane mako, kuma su ma sun yi asara a idon kowa. Da 'yan kasuwa sun hana saye ba tare da ɗage bashi ba, na tabbata da an watse tun shekarar farko.

Akwai abin da ya fi ƙarfin zangon. Yawan ruwan da Logon zai kawo, da abin da ake yi da ganuwa da madatsa a sama, ba a tambayarmu. Tafkunan maƙwabta da ba su da irin wannan tsari suna ƙafewa da wuri, shanunsu su juyo kanmu, bijimi ɗaya kuma ba ya isar gyaran mashigin da garke ninki biyu ya taka. Ambaliyar 2022 ta tumɓuke gungumen ta share mashigi biyu, sai da aka sake aunawa, aka kuma yi gardama mai zafi a kan ko sabuwar tsagar ta fi tsohuwar tsawo.

Abin da ya fi damuna yana cikin gida. Hana sabuwar kanal ya kare tafkin, amma ya kulle ƙofa a kan wanda ubansa bai haƙa ba. Masu kanal 21 suna gadar wa 'ya'yansu, sauran samari sai aikin lada a bakin ragar wani. Wannan ba adalci ba ne, kuma su ne waɗanda za su fara buɗe laka da dare ranar da dattawan nan suka kau. Baffana ya tsufa, ɗan mai ruwa ya rasu. A zaman da ya wuce samari bakwai sun nemi a ba su rabi na kamun ranar gayya a madadin kanal. Masu kanal sun ce kashi ɗaya cikin huɗu. An ɗage maganar zuwa zaman watan Maris, a cikin tafkin, gefen da ruwa ya janye.